Jinin da Ya Ƙi Tsayawa da Baƙar Kwalbar Southall

Assalamu alaikum 'yan uwana mata. Wannan rubutu ya daɗe yana yawo a kaina. Sai in ɗauki waya in fara, in kai tsakiya in goge. Wani lokaci in ce wa zai so ya karanta zancen jinin al'adar wata. Wani lokaci in ce idan ya faɗa hannun wanda ya san maigidana fa. Ga shi karatuna a firamare ya tsaya, ina tsoron in rubuta abu ba daidai ba wata ta bi ta cutu, alhakin ya dawo kaina. Abin da ya sa na daure yau shi ne akwai amsar da likita take jira daga gare ni, ni kuma ba ni da ita. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Sunana Rabi. Muna zaune a Thamesmead a nan London, a hawa na shida, ni da Malam da yaranmu uku. Shi tuƙin taksi yake yi, ni kuma ina aiki a kicin ɗin wata makarantar yara, wanke tukwane da zuba abinci.

Al'adata dama mai yawa ce tun ina budurwa, amma da na haura arba'in sai ta canza hali. Ta wuce mako, ta doshi biyu. Jini ya riƙa zuwa guda-guda kamar an yanka hanta. Audugar mata biyu nake haɗawa, in ƙara da tawul, duk da haka kafin in kai wurin aiki na jiƙe. Na daina zama a bas, sai dai in tsaya in riƙe ƙarfe. Kayana masu haske duk na ninke na ajiye, na koma baƙar abaya kamar mai takaba. Kuɗin auduga kuwa kada ma a yi maganarsa, ya fi kuɗin shinkafar gidanmu tayar min da hankali. Sai wani abu da ban taɓa dangantawa da ciwon ba: ƙanƙara. In buɗe firji in ɗebo in yi ta tauna kamar gyaɗa, ana tsakiyar sanyi. Ranar da lif ɗin gininmu ya lalace, wanda shi ne aikinsa, a kowane hawa sai na zauna na huta, zuciyata tana bugawa har cikin kunnena.

Salla ce ta fi damuna. Na san malamai sun ce idan jini ya wuce kwana goma sha biyar ya zama na ciwo, a yi wanka a yi salla. To nawa yakan ɗauke yini guda ya dawo. In yi wanka in yi salla, in ce anya. In bari, in ce anya. Kullum ina tsakanin anya biyu.

Za ku ce me ya hana ni zuwa asibiti tun da wuri. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Asabe, irin wannan ciwon ta yi a Kano. Aka ce za a cire mata mahaifa. Ni na rako ta har ƙofar ɗakin tiyata, tana yi min faɗa kan ɗaurin ɗankwalina. Ba ta farka ba. Tun daga ranar na sa a raina cewa duk macen da ta kai ƙarar jini asibiti, wuƙa ce ƙarshenta. Ni ba haihuwa nake nema ba, uku sun ishe ni, Allah ya raya. Abin da nake gudu shi ne a sa ni barcin nan.

Da abin ya ci tura dai na kira GP, wato asibitin likitan unguwa. Wadda take London ta san wannan azabar. Ƙarfe takwas na safe ki kira, a sa miki kiɗa, wata murya tana gaya miki ke ce ta kaza a layi, ki riƙe waya da kafaɗa kina shirya yara, idan aka ɗauka a ce an gama rabon na yau, ki kira gobe. Sai da na yi mako ina wannan kafin na samu appointment.

Turancina na kicin ne. Na iya wanke wannan, goge can, lokacin hutu ya yi. Na likita ya fi ƙarfina, don haka na ce ina son tafinta. Ban san ana iya cewa mace ake so ba, babu kuma wanda ya gaya min. Babbar 'yata tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa, kuma ba zan zaunar da 'yar cikina in yi mata bayanin abin da yake fita daga jikina ba.

Likitan ya danna waya ya ajiye a kan tebur. Sai ga muryar namiji, Hausa tsantsa ta cikin birni.

"Salamu alaikum Hajiya, ina wuni. Ya jikin?"

Mu Hausawan London guda nawa ne? Sallar idi tare, suna tare, layin sabunta fasfo a Charing Cross tare. Muryar nan sai na ji kamar ta wani da yake raba shinkafa a walima. Har yau ban san ko shi ne ba, wataƙila ma mutumin yana wani gari can daban. Amma a lokacin na gama yanke cewa ya san Malam.

Likita ya tambaya, tafinta ya juya: "Hajiya, ya ce sau nawa kike canza audugar a yini? Kuma yana zuwa da gudaji? Yana ɓata shimfiɗa?"

Ku gaya min, wace 'yar mutunci ce za ta amsa wa namiji baƙo wannan? Na sunkuyar da kai kamar yana ganina, na ce, "To, da ɗan dama dai. Amma da sauƙi, alhamdu lillahi."

Haka aka rene mu. Ko kina kan gargara aka ce ya jiki, da sauƙi za ki ce. Shi kuwa likita ba a rene shi haka ba. Abin da aka ba shi ya rubuta. Ya ba ni ƙwayar ƙarin jini da wata ta sha lokacin al'ada, ya ce in je a ɗebi jinina, idan ban ga canji ba bayan 'yan watanni in dawo. Na fito ina jin haushinsa, ina jin haushin tafinta, ina jin haushin wayar kanta. Gwajin jinin kuwa na yi booking, aka yi cancel, aka ba ni wata rana da ta faɗo kan aikina, daga nan maganar ta bi ruwa.

Ƙwayar ƙarin jinin ta zo da nata. Ta ɗaure min ciki, bayan gida ya koma baƙi ƙirin. Ba wanda ya ce min haka take yi, sai na ɗauka hanjina ne yake ruɓewa.

A wurin aiki akwai wata 'yar Indiya, Sunita, ta girme ni kaɗan, ita take kula da tanda. Ita ta lura ina zarya banɗaki. Wata rana ta jawo ni bayan firji, ta cire rigar sanyinta ta ɗaura min a ƙugu. Na duba baya na ga abin da ta gani. Ranar na yi kuka a cikin ɗakin ajiye dankali. Ta ce ita ma ta yi irinsa, kuma wata mai maganin gargajiyarsu ce ta taimake ta, maganin da suke kira Ayurveda. Na tambaye ta abu ɗaya: ana yanka mutum? Ta yi dariya ta ce itatuwa ne kawai. Na ce kai ni.

Ranar Asabar muka tafi Southall, unguwar Indiyawa. Daga Thamesmead tafiya ce kamar za ki bar ƙasar, bas, jirgi, wani jirgin, ni kuma ina lissafin inda banɗaki yake a kowace tasha. Wurin yana saman wani shagon yadi. Dattijuwa ce mai furfura da tabarau. Gaskiya zan faɗa, tun da na fara ciwon nan ba wanda ya saurare ni kamar matar nan. Ta riƙe wuyan hannuna da yatsu uku tana jin bugun jinina. Ta duba harshena. Ta tambayi barcina, abincina, har yawan fushina. Babu namiji, babu waya a kan tebur. Da guntun Turancina da hannu da taimakon Sunita na zazzage mata komai, har girman gudajin na nuna mata da tafin hannu.

Ta ce zafi ne ya yi yawa a jikina. Ta hana ni barkono, da tsami, da soye-soye. Ta ba ni wani gari mai ɗaci a sha da ruwan ɗumi, da wata baƙar kwalba, a zuba a murfi a haɗa da ruwa bayan abinci. Ta ce daga sassaƙen wata bishiya ake yi wadda matan ƙasarsu suka daɗe suna sha. Sannan ta ja fatar idona ƙasa, ta girgiza kai, ta ce, "Scan. Scan." Wato in je a yi min hoton ciki. Ta maimaita har bakin ƙofa. Ta kuma ce kada in bar ƙwayar likita. Wannan haƙƙinta ne in faɗa, ta gaya min, da kunnena na ji.

Makon farko na sha wuyar rashin yaji fiye da ɗacin magani. Miyar kuka babu barkono, jama'a, wannan ai hukunci ne. Sai in yi tukunya biyu, tasu ja tawa fara, ina ci ina kallon kwanon Malam. Maganin kwalbar yana da zaƙi-zaƙi da ɗan tsami, yana ɗumama ƙirji. Na ce a raina ashe su ma Indiyawa suna da tsimi, irin wanda iyayenmu suke jiƙawa a tulu. Ban kawo komai ba.

A mako na biyu na yi kuskuren gaya wa yayata Talatu da take Kano. Yaya Talatu ba ta aiko saƙon murya gajere. Na farko ta ce in sha zoɓo ba sukari. Na biyu ta ce ganyen ugu da madara, wai haka maƙwabciyarta ta yi. Na uku ta ce ita fa tana zargin iska ce, za ta sa a yi rubutu a aiko da wani mai zuwa. Na huɗu shi ya yi min illa.

"Ke Rabi, wai da gaske kina haɗa na asibiti da na gargajiya? Ke yarinya ce? Magani biyu faɗa suke yi a ciki, kowanne ya karya ɗan uwansa. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe."

Ni dama ina neman dalilin rabuwa da ƙwayar da take ɗaure min ciki. Na zaɓi kwalba. Na je har Lewisham na sayo ugu, na dafa zoɓo tulu guda. Ƙwayoyin likita na tura su bayan kwabad.

Ko maganin Indiya ya yi aiki? Wannan tambayar na juya ta ba adadi. Ciwon mara ya ragu, wannan na tabbata. Barci ya daɗa daɗi. Jinin wata na farko na ga kamar ya ragu, amma ban sani ba ko ya ragu ne ko ni ce nake so ya ragu. Na wata na biyu ya zo kamar yana bina bashi. Haki kuwa sai abin da ya ƙaru. Tukunyar da nake ɗagawa ni kaɗai a wurin aiki sai da Sunita ta riƙa kama min.

Wata Lahadi da safe ina auna maganin a murfi, Malam yana shan shayi. Duk tsawon lokacin nan abin da ya sani shi ne ina da ciwon mara. Sai na ga ya ɗaga hanci.

"Rabi, miƙo min kwalbar nan."

"Maganin mata ne, Malam."

"Na ji. Miƙo."

Ya shinshina, ya sake shinshinawa. Ya ɗauko tabarau ya juya bayan kwalbar inda aka yi rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa.

"Tun yaushe kike shan wannan?"

"Wata biyu ke nan. Tsimi ne fa, irin nasu."

"Tsimi." Ya ajiye kwalbar a hankali. "Ni da nake kwasar mashaya duk daren Juma'a da Asabar, suna numfashi a ƙeyata, ni za a gaya wa warin nan? Akwai barasa a ciki. Ga shi ma sun rubuta."

Ni Rabi, da ko alewa ba na saya sai an karanta min abin da ke ciki, ni da na taɓa mayar da biskit kanti saboda an ce da man alade, ni ce na yi wata biyu ina shan giya da bisimilla, safe da yamma, bayan abinci.

Malam ya kira matar a gabana. Ba ta musa ba. Ta ce ba zubawa ake yi ba, sassaƙen ake jiƙawa a rufe ya tsimu, da kansa yake haifar da ita, kuma kaɗan ce. Ta ce akwai irinsa na ƙwaya wanda babu, da na faɗa da shi za ta ba ni. Ta ba da haƙuri sosai. Amma ni abin da yake ci min rai har gobe shi ne, da hijabi har gwiwa na shiga wurinta. Me kuma zan faɗa? Ta yaya zan tambayi abin da ban san akwai shi ba? Kafin ta ajiye waya ta tambayi Malam ko an yi scan. Ya ce wane scan? Ya juyo ya kalle ni, na kalli bango.

Malam ya ce babu laifi a kan wanda bai sani ba. Na kira wata malama ta faɗi haka ita ma, ta ce in bar shi tunda akwai madadi, shi ke nan. Kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi. Na taɓa ji a wa'azi cewa wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Malama ta ce wannan mai ganganci ake nufi. Na ce to idan akwai sakacina a ciki fa, tunda na ji tsamin ban bincika ba? Na zubar da kwalbar a masai, na wanke murfin da cokalin da kofin har sau ba adadi, daga baya ma na jefar da su. Garin ma na daina sha. Ga ƙwayar likita a bayan kwabad. Ke nan babu na Bature, babu na Indiya, sai zoɓon Yaya Talatu.

Sai na yanke shawarar da ta fi kowacce wauta, a lokacin kuwa gani nake ita ce mafi kyau. Na ce zan yi azumi, in rama wanda ake bina na Ramadan, in haɗa da neman gafara. Jinin ya wuce kwanakin al'ada, ya zama na ciwo, don haka azumi ya halatta. Ban tsaya na tambayi ko jikin zai iya ba. Ban gaya wa kowa ba, don kada ladan ya ragu.

A cikin makon ne, na taso daga aiki da rana, ina tsaye a tashar bas ta kusa da gida, na ji kunnena ya toshe. Na ga motoci suna tafiya babu ƙara. Abin da na sani bayan nan shi ne ina kwance a ƙasa, wani Bature ya sa jakarsa a ƙarƙashin kaina, ga kuma fuskar Anti Memuna a samana.

Anti Memuna maƙwabciyarmu ce a hawa na huɗu, 'yar zangon Kumasi, tana aikin kula da tsofaffi. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne. Allah ne ya kawo ta, ta dawo daga kasuwa.

"Kai Rabi! Ka buɗe ido! Sha ruwa."

Na ce, "Ina azumi."

"Azumin me? Ka ga fuskanka kuwa? Fari fat kamar takarda. Sha, ko in ɗura maka."

Na sha. Ita ta shiga motar asibiti da ni, da ledar kifinta a hannu.

A sashen gaggawa mun daɗe. An auna ni da wuri, amma jiran gado ya kai mu har bayan la'asar, a kan kujerar roba, ga mai karyayyen hannu, ga mai tari, ga kifin Anti Memuna ya fara sanar da kansa. Da likita ta zo, mace ce wannan karon, ta ce a nemo tafinta. Anti Memuna ta ce ba a buƙata, ga ta. Likita ta yi tambayoyin nan dai na wancan karon. Bakina ya buɗe da kansa na ce da sauƙi.

Anti Memuna ta juyo ta harare ni. "Wane sauƙi? Mutum ya faɗi a titi shi na cewa sauƙi. Ka faɗa gaskiya ko ni in faɗa. Ka ce ban ga tawul da ka ke shanyawa a baranda ba?"

Ta juya ta yi wa likita Turanci mai tsawo, da hannu da komai. Ni dai na ji kunya kamar in nutse, amma da aka fara sai na ƙarasa. Na faɗi gudajin, na faɗi ƙanƙara, na faɗi baƙar kwalba da garin da azumin. Na zaci za ta yi min dariya ko faɗa kan maganin Indiya. Ba ta yi ba. Ta ce ita ba ta san abin da ke cikin garin ba, don haka ba za ta ce yana da kyau ko ba shi da kyau ba, amma za ta duba hantata, kuma in dakata da shi tukuna. Abin da ya ɓata mata rai shi ne ƙwayar da na ajiye. Ta ce baƙin bayan gida ba komai ba ne, haka ƙwayar take yi, da na faɗa da an canza min wata mai sauƙi. Ta ce ƙanƙarar ma alamar ƙarancin jini ce. Kalmar da ta riƙa maimaitawa ita ce anaemia.

Aka ƙara min jini, aka kwantar da ni. Hanta lafiya lau, alhamdu lillahi. Washegari aka yi scan ɗin da dattijuwar Southall ta yi ta roƙona in yi. Aka ga ƙari a mahaifa, abin da suke kira fibroid, guda-guda, babban ya kai lemon zaƙi. Likita ta ce ba ciwon daji ba ne. Ta ce shi yake sa zubar, kuma ba ta san wani abin sha da zai narkar da mai wannan girman ba.

Jinyar gida Anti Memuna ce ta yi ta, Allah ya saka mata da aljanna, ko da yake ta gasa min aya a hannu. Kullum sai ta hau da kwano: hanta, alayyahu, da wata miyar ganyen gwaza ta ƙasarsu da manja yake yawo a kai. Ta tsaya a kaina sai na cinye. Ta hana ni shayi kusa da lokacin shan ƙwaya, wai likita ta ce yana hana ta aiki, ni kuwa shayi ne rayuwata. Idan na ce na ƙoshi ta ce, "Ka ƙoshi da me? Da azumi?" Har yau ba ta daina yi min wannan gorin ba. Barkono dai ta dawo min da shi, a nan na yafe mata komai.

Malam kuwa kwana biyu bai yi min doguwar magana ba. Rana ta uku na farka daga barcin rana na ji injin wanki yana juyi. Na leƙa na ga ya cire zanen gadon da na ɓata, wanda shekara da shekaru nake ɓoyewa in wanke kafin ya dawo. Ya jiƙa katifar yana gogewa da soso.

Na ce, "Malam, don Allah bari, wannan ba aikinka ba ne."

Bai ɗago ba ya ce, "Da kin mutu a tashar bas, aikin wa zai zama?"

Da yamma ya fita ya sayo min auduga, ya dawo da irin siririyar nan da ko atishawa ba za ta tare ba, fakiti shida, yana ta alfahari an yi masa ragi. Na karɓa na yi godiya. Anti Memuna ta yi dariya har da zama a ƙasa.

Yaya Talatu da ta ji labari ta ce ai dama ita ta san maganin Indiyawa ba abin yarda ba ne. Zancen magani biyu suna faɗa kuwa ta ce ba ta tuna ta faɗa ba. Rubutun ya iso, na sha, don ayar Allah ce. Sunita ta zo dubiya da abinci, ta yi ta ba ni haƙuri kan kwalbar har na ji nauyinta, don ita alheri ta nufa, kuma ita ta fara rufa min asiri.

Yanzu jiki ya yi ƙwari. Ina hawa bene da hutu ɗaya. Ina shan ƙwayar da aka canza min, da ta rage zubar idan lokacin ya zo. Amma ƙarin yana nan, kuma likitar mata da aka tura ni wurinta, bayan an ɗaga ranar har sau biyu, ta ajiye min hanya uku. Ko a sa min wata 'yar roba mai magani a mahaifa, amma ta ce saboda inda ƙarin ya zauna ba lallai ta tsaya ba. Ko a yi aiki a cire ƙarin a bar mahaifa, yana iya dawowa. Ko a cire mahaifar gaba ɗaya a huta. Biyun ƙarshe duk sai an sa ni barci. Ta ce in je in yi tunani, in dawo mata da amsa wata mai zuwa. Tunani kuwa shi ne abin da na fi iyawa, shi ne kuma yake hana ni cin abinci.

Wadda take da irin ciwona, ga abin da zan ce mata, ba don na iya ba sai don na faɗi a titi. Ki ce tafinta mace kike so, suna da su. Duk abin da za ki sha na gargajiya, namu ko na wasu, ki sa a karanta miki bayan kwalbar, ki kuma kai wa likita ta gani. Kada ki ajiye ƙwayar asibiti saboda saƙon murya.

Ni kuma ga roƙona. Idan akwai wadda ta sha maganin nan na Indiya na ƙwaya, wanda babu barasa, tare da na asibiti da sanin likitarta, ta gaya min yadda suka ƙare, don ciwon mara ya dawo kuma ina tuna sauƙin da na samu. Wadda aka sa wa robar alhali tana da ƙari, ta zauna ko ta fito? Sai babbar tambayar. Wadda aka yi wa aikin a nan ƙasar, na cire ƙari ko na cire mahaifa, don girman Allah ta ba ni labari tun daga safiyar ranar. Me suke sa miki, me kika ji, wa kika fara gani da kika buɗe ido, yaushe kika iya yin sujada. Har marar daɗin ina so in ji. Idan ba za ki iya rubutawa a gaban mutane ba, ki biyo ni ta gefe, ba zan faɗi sunanki ba. Likita ta yi min bayani, Malam ya ce in dogara ga Allah, kuma na dogara. Amma ina so in ji daga bakin mace ko guda ɗaya, mai jin Hausa, wadda aka tura ta cikin ɗakin nan a kan gado kuma ta dawo gida ta dafa wa 'ya'yanta tuwo. Idan na ji ta, zan iya sa hannu.